Besbol Ranar Lahadi, Likita Ranar Talata

Litinin, 21 ga Yuni 1976, ƙarfe biyar na yamma

Yau ni Nata'ala ne a London. Na rubuta, na sake karantawa, har yanzu dariya nake yi ni kaɗai.

Ƙanwata Shafa'atu da mijinta Dakta Uwaisu suka tare ni a filin jirgi. Shekara huɗu rabona da ita. Ta yi ƙiba, Hausarta kuma ta cika da Turanci, wai ta yi booking ɗin mota, wai kada mu tsaya a traffic. Flat ɗinsu a Catford yake, hawa na biyu, sun ba ni ɗakin da tagarsa ke kallon titi.

A kwalejinmu ta Gusau na ce wa kowa yawon buɗe ido zan je. Ba wanda ya yi mamaki, tunda arzikin man nan ya sa har akawun ofis ya je ya dawo da rediyo mai kaset. Haka na faɗa wa matata Murja ma. Ta haɗa mini kaya, ta sa kilishi da yaji a ƙasan akwati, ta ce in gaida Sarauniya.

Abubuwan da zan gani: babban agogon da muke ji a rediyo, fadar Sarauniya, filin Wembley, gidan namun daji, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Shekara sha tara ina malamin wasanni, ba zan koma ban ga Wembley ba.

Talata, 22 ga Yuni, azahar

Mun je wurin mutumin da Uwaisu ya ce. Ya ba ni 'yar kwalba, sau huɗu a rana. Mu koma mako mai zuwa. Ba komai.

Laraba, 23 ga Yuni, la'asar

Na ji agogon da kunnena, yana bisa kaina. Sha biyu ya buga, na tsaya na ƙirga har ƙarshe, ina tuna shagon Alhaji mai shayi inda muke taruwa jin labaran duniya.

Na shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Akwai matakala mai tafiya da kanta, ka tsaya kawai ta kai ka cikin ƙasa kamar guga a rijiya. Na sauka, na hau, na sake sauka, Shafa'atu tana cewa in bari mutane na kallonmu.

Abu ɗaya ne ban so ba a garin nan. Mutanensu suna da ɓullo wa mutum ta hagu ba sallama. Sau biyu na yi karo, na biyun da wata tsohuwa mai kwando. Shafa'atu ta tattara mata lemunta, daga nan ta dawo gefen haguna ta riƙe mini hannun riga har gida.

Juma'a, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Wai zafi ake yi. Jarida ta ce an daɗe ba a ga irinsa ba, ciyawa duk ta bushe, Turawa sun tuɓe riguna sun kwanta a fili sun yi jajir kamar an shanya tattasai. Na ce wa Uwaisu wannan ai sanyin safiya ne a Gusau.

Mun yi Juma'a a Regent's Park, kusa da babban masallacin da ake ginawa. Muna fitowa na ji an ce, "Kyaftin." Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka. Kambai ne, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallonmu lokacin muna kwalejin horon malamai a Zariya. Ya yi furfura, amma hannayen nan nasa kamar faifai suna nan. Uwaisu ne ya aika masa cewa na zo, shi kuma ya zo ya tsaya a bakin masallaci da hularsa a hannu har aka sallame. Shekararsa tara a nan, yana kula da sito a sansanin sojojin ruwan Amurka da ke yammacin gari.

Muna tafe cikin lambun muna tuna 'yan ajinmu, sai na ji wata ƙara, tas, tas, kamar ana marin buhu. Samari biyu ne suke jifan juna da wata 'yar farar ƙwallo, kowa da ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya. Na tsaya cak. Yadda yaron yake ɗaga ƙafa, ya murɗa ƙugu, ya saki hannu, ban taɓa ganin jifa mai kyau haka ba. Kambai ya ce besbol ke nan, wasan Amurkawa. Ya ce ranar Lahadi ta sama, huɗu ga wata, ƙasarsu ke cika shekara ɗari biyu, za a buɗe sansanin ga baƙi, sojojin ruwa za su kara da na sama. In ina so zai samo mini izinin shiga.

In ina so, wai. A littafi kawai na taɓa ganin hotonsa, shafi ɗaya, shi ma rabinsa gara ta ci.

Asabar, 26 ga Yuni, hantsi

Abin kwalbar nan yana sa gari ya yi duhu-duhu kamar hadari zai taso. Ba komai. Saura kwana takwas.

Lahadi, 27 ga Yuni, ƙarfe bakwai na yamma

Kambai ya zo bayan ya taso coci, ya koya mini wasan a kan teburin cin abinci. Ƙwayar sukari huɗu ya jera. Ɗaya gida, uku zango. Mai jifa yana tsakiya, mai kulki yana gida. In ya doki ƙwallon sai ya yar da kulkin ya ruga zango na ɗaya, in ya samu hali ya wuce na biyu, na uku, ya dawo gida, shi ne ci ɗaya. In ya kai duka sau uku bai samu ba, ya fita. In aka cafe ta a sama, ya fita. Mutum uku suka fita, sai a juya. Haka har turmi tara, kamar dambe.

Abin da ya fi ba ni dariya, ana satar zango. Mutum ya faki idon mai jifa ya sulale zuwa na gaba, kuma halal ne, har tafi ake yi masa. Na ce ashe akwai ƙasar da ɓarawo ke da lada.

Na sa shi ya maimaita sau uku ina rubutawa. Shafa'atu ta ce mun ƙarar mata da sukari, don duk wanda ya fita Kambai cinye shi yake yi.

Uwaisu yana gefe da jarida. Can ya tambaya ko akwai raga tsakanin 'yan kallo da fili. Kambai ya ce bayan mai kulki kawai, sauran wuri kowa ya kula da kansa, don ƙwallon tana da tauri kamar dutse kuma takan kauce ta faɗo cikin mutane. Uwaisu ya dube ni ta saman jaridar. Na ci gaba da rubutuna.

Talata, 29 ga Yuni, la'asar

Mutumin ya ce kwalbar ba ta yi abin da ake so ba. Ya ba ni takarda, shafi biyu, da wurin sa hannu a ƙasa. Talata mai zuwa, shida ga wata, in na yarda. Na ninke ta na sa cikin fasfo.

Daga can na ce a kai ni Wembley. A rufe yake, amma na ga hasumiyoyin nan biyu, na dafa bangon da hannuna. Sai da na ja baya sosai kafin su shigo mini gaba ɗaya. Girma ne da su, shi ya sa.

Laraba, 30 ga Yuni, safiya

Sau uku na fara wa Murja wasiƙa. Ta ƙarshe na kai har "akwai maganar da ban faɗa miki ba", sai na ga ban iya abin da zai biyo baya ba. Na sayi kati mai hoton tattabaru na rubuta mata cewa ina lafiya, garin da daɗi, ranar Lahadi zan ga wasan Amurkawa.

Alhamis, 1 ga Yuli, azahar

Mun yi faɗa da Shafa'atu.

Shayi nake zubawa, ashe kofin ba inda na ɗauka yake ba. Ya jiƙa mata mayafin tebur, ya zubo ƙasa. Na ce laifin butar ce, bakinta a karkace yake. Ta ɗauko tsumma tana gogewa, sai ta tsaya a durƙushe ta ce Uwaisu ya ce kada in je ranar Lahadi, don in ƙwallo ta taso ta wancan gefen ba zan... Ba ta ƙarasa ba. Na ce shekara sha tara ina cikin fili, ba mijinta ne zai koya mini kauce wa ƙwallo ba.

Ta ce, "Yaya, ka sa hannu a takardar."

Na tuna mata Malam Matiyu mai koyar da lissafi. Shi ma ya sa hannu a irinta, da ƙafarsa ya shiga, yanzu 'yarsa ke riƙe masa sanda zuwa coci. Ta ce nasa daban, nawa daban, kuma shekara goma ke nan. Na ce abin da nake da shi ya ishe ni. Ta ce bara ma haka na ce wa Uwaisu a wasiƙa, kuma na bara ya fi na bana.

Na shiga ɗaki. Ina jin ta tana wanke kofi ɗaya har kusan minti goma.

Juma'a, 2 ga Yuli, la'asar

Bayan masallaci na biya ofishin jirgi ni kaɗai. Na tambaya ko za a iya dawo mini da tikitina ranar Litinin. Yarinyar ta ce akwai wuri, ta rubuta sunana. Ban faɗa wa kowa ba.

Na sayi hular hana sallah da baƙin tabarau. Na duba madubin shagon, sak Ba'amurke. Jibi ne.

Asabar, 3 ga Yuli, hantsi

Shafa'atu tana soya kaza da cincin. Ta ce tunda na rantse sai na je, ita ma za ta, kuma a haguna za ta zauna, in ƙwallon ta zo ta fara da ita. Uwaisu yana da aiki a asibiti. Ya ce in ɗauki kwalbar.

Lahadi, 4 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Tun asuba na sa takalmi.

Lahadi, ƙarfe takwas na yamma, rana ba ta faɗi ba

Bari in rubuta duka kafin wani abu ya zube.

Kambai ya tare mu a tasha ta ƙarshe, muka taka zuwa sansanin. Tun daga ƙofa tutoci, ja da fari da shuɗi, ga 'yan badujala, ga hayaƙin nama ko'ina. Kambai ya ce kada mu taɓa dogon naman nan da ake sawa cikin burodi, alade ne. Muka sayi gugguru da gyaɗa. Na ɓare ɗaya na ɗanɗana, na ce wa Shafa'atu wannan ko shakka babu daga dalar Kano ta zo, ta ga ɗan'uwanta ta yi shiru.

Sai filin. Duk ciyawar London ta mutu amma tasu kore shar, da jar ƙasa an share ta sumul, an ja farin layi kamar da rula. Na daɗe ina kallon layin nan. Ni da nake ja da toka da gwangwanin madara mai huji.

Kafin a fara Kambai ya kawo abokinsa, Bernard, baƙar fata, dogo, yana buga wa sojojin ruwa. Da ya ji ni malamin wasanni ne daga Nijeriya, ya kama hannuna da hannu biyu yana kirana koci. Ya ba ni ƙwallon na riƙe. Fata ce, an ɗinke ta da jan zare, ɗinkin ya taso kamar na dukawa. Nauyinta ya fi girmanta.

Aka yi taken ƙasarsu, kowa hannu a ƙirji. Alƙalin wasa ya fito da garkuwa a gaba da wani kwandon ƙarfe a fuska, ya yi tsawa, aka fara.

Mai jifa ya ɗaga ƙafa, ya murɗa, ya saki. Tas, a hannun mai cafewa. Jama'a suka yi ihu. Ya sake. Tas. Na uku sai ƙarar itace, ƙwas, kowa ya miƙe yana duban sama, ni ma na miƙe ina duban sama.

A nan zan faɗi gaskiya, tunda littafina ne. Ban ga ƙwallon ba. Ina ganinta a hannun mai jifa. Ina ganinta in ta isa. Tsakanin nan babu. In na kafa ido a kan mai kulki, sauran fili ya tafi. In na bi mai gudu, sai in ji ana tafi a wani wurin da ban san me ya faru ba. Kamar mai leƙen biki ta ramin makulli. Turmi biyu na yi haka, ina tafi in an yi tafi.

A turmi na uku na yi wa sojojin sama tafi bisa kuskure, mu da muke zaune cikin na ruwa. Kambai ya juyo ya dube ni. Sai kawai ya matso, ya gyara murya, ya fara ba da labarin wasan da Hausa kamar mai sharhi a gidan rediyon Kaduna. Ga ta nan ta tafi dama, jama'a, ɗan gajeren nan ya bi ta, ya faɗi, ya tashi, ya jefa zango na biyu, ina, ɓarawo ya riga shi. Yana faɗa yana juya mini kafaɗa da hannu zuwa inda abin yake. Sai na fara kamawa. Na ga wani ya tsinke da gudu ya zube ƙasa da ƙafa a gaba, ƙura ta tashi, alƙali ya baza hannu biyu. Na ga wannan da kyau, tun daga farko har ƙarshe. Ihun da na yi sai da matar da ke gabanmu ta waiwayo tana dariya.

Shafa'atu kuwa, wadda ta zo gadi, kafin turmi na biyar ta manta da ni. Tana tsaye, mayafi ya zame, tana faɗa wa alƙali da Turanci cewa ba shi da adalci. Ƙwallo ɗaya ta kauce ta faɗo layi uku a bayanmu, ita ba ta ma sani ba sai da Kambai ya faɗa mata. Ta zauna ta riƙe hannuna, minti biyu ta sake miƙewa.

A tsakiyar turmi na bakwai kowa ya tashi tsaye ya yi miƙa, suka rera wata waƙa gaba ɗaya suna rangaji. Kambai ya ce al'ada ce. Na shiga bayan rumfa na ɗiga abin kwalbar, na dawo.

Turmi na tara, na sama suna da biyar, namu huɗu, mutum biyu sun fita, mutum ɗaya yana zango na biyu. Bernard ya ɗauki kulki. Duka na farko iska. Na biyu iska. Wurin ya yi tsit har ina jin tuta tana kaɗawa. Na ce a raina ba zan bi mai jifa ba, ba zan bi kowa ba. Na tambayi Kambai ina Bernard ya saba aika ta. Ya nuna mini saman wasu dogayen itatuwa masu duhu a ƙarshen fili. Na ajiye idona a can na jira.

Ƙwas.

Sai ga ta. Fara fat a kan duhun ganye, tana tafiya a hankali kamar ba ta da niyyar sauka, ta haye shinge ta ɓace. Na gan ta. Ni na fara ihu kafin Kambai ya buɗe baki. Shida da biyar. Na rungume wani Bature mai jan gemu da ban taɓa gani ba, gugguru ya zube mana a ka.

Da ma a nan na tsaya.

Bayan an tashi aka bar baƙi su shiga fili. Bernard yana jiƙe da gumi ya ce lallai koci ya gwada. Shafa'atu ta ce a'a. Na karɓi kulkin. Ya gyara mini tsayuwa, ya koma taku biyar kawai, ya lilo mini ita daga ƙasa a hankali, irin yadda ake yi wa yara. Na kai duka. Iska. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Ya matso taku ɗaya, ya sake. Iska. Dariyar ta ragu. Ta uku ban ma san ya sake ta ba, sai ji na yi ta taɓa mini gwiwa ta gangara.

Ni da nake dukan ƙwallon kurket ta haye ɗakin kwanan ɗalibai.

Bernard ya ɗauko ta ya sa mini a hannu ya ce rana ce ta yi yawa, kowa haka yake yi ranar farko. Mutumin kirki ne. Na yi masa godiya.

Muka shiga jirgi muka kamo hanyar gida. Mun wuce tasha huɗu Kambai ya ce, "Kyaftin, tun yaushe?"

Na ce shekara biyu. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama ne ake so a tare. Ban taɓa faɗar haka da bakina ba sai yau. Shafa'atu ta ce masa akwai aikin ido ranar Talata, amma na ƙi sa hannu.

Na jira ya yi mini wa'azi. Ya dubi taga, ya ce, "Ƙarfe nawa ne ranar Talatar? Zan karɓi hutu."

Litinin, 5 ga Yuli, azahar

Jirgin Kano ya tashi ƙarfe sha ɗaya. A lokacin ina gidan waya na Catford, a layi, da wasiƙar Murja shafi huɗu. Na faɗa mata duka, har ƙaryar yawon.

Abin da ya tsaya mini tun jiya shi ne, bara da na doki ƙwallon nan. Na tabbata. Baɗi kuma ko itatuwan ba zan gani ba. Ashe abin da nake cewa ya ishe ni ba tsaye yake ba.

Na sa hannu a kan teburin kicin. Uwaisu ya nuna mini layin da yatsa. Tsoro nake ji, kuma yau ba zan rubuta "ba komai" ba.

Alhamis, 8 ga Yuli, la'asar

Ni Shafa'atu nake rubutawa, Yaya yana faɗa, don an naɗe masa fuska. Ya ce in rubuta cewa an yi, yana raye, abincin asibiti kamar an dafa takarda. Ya ce Kambai ya zauna a bakin ƙofa tun safe har aka fito da shi. Ya ce in rubuta bai ji tsoro ba. Na rubuta, amma ni ina wurin.

Jiya Kambai ya zo da Bernard. Yaya ya sa Bernard ya sake ba da labarin dukan nan tun daga farko, har masu jinyar gadon kusa suka sa baki, nas ta zo ta ce a rage murya.

Ya ce kada in karanta shafukan baya. Na riga na karanta. Maganar tikitin Litinin za mu yi ta in ya warke.

Talata, 13 ga Yuli, hantsi

Har yanzu ni ce. An buɗe jiya. Ya ce hazo yake gani da haske. Likita ya ce haka ake farawa, a ba shi mako guda. Yau bai ce in rubuta komai ba, ya juya fuska bango.

Laraba, 21 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Hannuna ne wannan. Layi uku nake cinyewa da kowane harafi, amma nawa ne.

Hazon ya washe. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, mutumin ya faɗa mini ƙarara. Abin da ya rage kuma ya ce in Allah ya so zai zauna, muddin ban yi wasa da magani ba. Zan yi karatu, zan kai kaina masallaci, zan gane fuskar 'ya'yana. Alƙalancin wasa dai an gama. Na ce masa koyarwa fa? Ya ce da baki ake yin ta ko da ido? Na riga na zana filin a takarda. Bayan ɗakin cin abinci na kwaleji akwai wurin da zai isa, zango uku da gida. Kulki kuwa kafinta zai sassaƙa mana daga taɓarya.

Jiya wani ɗalibi da ya zo daga gida ya kawo amsar Murja da hannu. Shafa'atu ta ce ta karanta mini, na ce a'a. Na kai ta bakin taga, na ɗauki kusan rabin awa. Ta ce yara lafiya, an yi ruwa sosai, gero ya kai gwiwa. Ta ce ta yi ta sadaka tun wasiƙata ba ta iso ba, don Shafa'atu ta rubuto mata tun watan Mayu. A ƙarshe ta ce:

"Malam, ko ba ta rubuto ba na sani. Wa kake tsammani yake ajiye maka buta da takalmi a damanka shekara biyu? Na hana yara shigo maka ta hagu, na ce musu rashin ladabi ne. Na bar ka ne ka faɗa da kanka. Ka dawo gida."

Na ninke ta. Na kira Shafa'atu na ce ta yi mini booking ɗin jirgi.